TALLAFIN MARASA AIKI DA MAI ƘARAMAR SANA'A: ME LAMIRI YA CE?



Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun matasanmu da iyayenmu mata, musamman waɗanda suka fito daga ƙasashen Safana da Batsari, ko da yake ba kasafai ake yin ta a bainar jama'a ba. Sai an tashi daga sujada, mutane sun ragu, sa'an nan wani ya ja katikis ko Fada gefe ya yi ta da ƙaramar murya. Tambayar kuwa ita ce: idan an kawo tallafin da aka ce na marasa aiki ne, ni kuma ina ɗan taɓa wata sana'a wadda ba ta ciyar da gidana, ya halatta in sa sunana? In na karɓa, na ci haƙƙin wani ke nan?

Bari mu kawo misali domin maganar ta fito fili. A ce ga wani saurayi ɗan Zakka, cikin Ƙaramar Hukumar Safana. Ya gama karatun koyarwa, ya sami takardar NCE, ya yi shekara huɗu yana yawo da ita ofis-ofis bai sami aiki ba. Gonar gidansu tana wajen dajin Rugu, kuma a shekarun da hare-haren 'yan bindiga suka yi tsanani ba mai iya zuwa can. Ya kwashi mahaifiyarsa da ƙannensa uku suka koma Dutsin-Ma. Wani mai tausayi ya ba shi babur yana yin acaba kwana uku a mako. In ya biya mai babur balas, ya sayi mai, abin da ya rage bai wuce na tiya ɗaya ko biyu ta masara ba. Ana nan sai ga fom na tallafi, a cikinsa an tambaya: kana da aiki? Amsa biyu kaɗai aka bari, i ko a'a. In ya ce i, za a cire sunansa, gida kuwa yana bukata. In ya ce a'a, zuciyarsa ba za ta kwanta ba, gama ya san yana hawa babur ana biyansa. Me ya kamata ya rubuta?

WANE NE MARAR AIKI?

Kafin mu yanke wa saurayin nan hukunci, ya kamata mu fara sanin abin da ake nufi da marar aiki a ƙasarmu. Nijeriya ba ta da irin tsarin nan na ƙasashen Turai inda duk wanda ya rasa aiki ake biyansa wani abu kowane wata har ya sami wani. Abin da muka gani shi ne shirye-shiryen tallafi da kan zo su wuce. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin N-Power domin matasa masu shekara 18 zuwa 35 da ba su da aiki, ana biyan masu ilimi mai zurfi naira 30,000 a wata, aka tura da yawa daga cikinsu koyarwa a makarantun firamare. A lokacin ne kuma aka fara ba gidaje mafiya talauci naira 5,000 a wata. A farkon 2021 aka ƙaddamar da shirin ayyuka na musamman na mutum 774,000, wato mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, kowa da naira 20,000 a wata har wata uku. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, aka yi shelar ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata, shi ma na wata uku.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an yi shi ne da sunan marar aiki ko marar ƙarfi. Amma gwamnati da kanta ta sauya ma'aunin da take auna marar aiki da shi. A dā, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana ƙirga duk wanda aikinsa bai kai awa 20 a mako ba cikin marasa aiki, kuma bisa ga wannan ma'auni ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin 100 na masu iya aiki ba su da aiki. A 2023 ta koma bin ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ya ce duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko da na awa ɗaya ne a cikin mako, mai aiki ne. Nan da nan adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1 cikin 100 a watanni ukun farko na 2023. Kowa ya san ba masana'antu aka buɗe a tsakanin nan ba. Mudun awon ne aka sake. Hukumar ta kuma nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan suna yin irin aikin da ba na ofis ba ne, ba kuma na kamfani mai rajista ba: noma, kiwo, tireda, dako, ɗinki da makamantansu.

To, ku duba. Bisa ga ma'auni na biyu, saurayinmu mai aiki ne. Gwauruwar da take suyar ƙosai da safe a ƙofar gida ita ma mai aiki ce, haka yaron da yake tura kurar ruwa. In aka ce duk mai irin wannan aiki ba ya cikin masu bukata, to, ba wanda zai rage a cikin jerin sai marar lafiyan da yake kwance. Dalili kuwa shi ne, talaka a ƙasar Hausa ba ya iya zama hannu biyu. Wanda yake iya zama bai yi kome ba har wata shida, akwai mai ciyar da shi.

ABIN DA YA SAMI MUTANEN ZAKKA

A ƙasar Zakka da maƙwabtanta, tun kaka da kakanni ba a san mutum da sana'a ɗaya tak ba. Da damina kowa manomi ne. In aka yi girbi aka zuba gero da dawa a rumbu, sai wani ya kama saƙa, wani ƙira, wani fatauci, wani ya tafi ci-rani Kano ko Kaduna ko Kurmi. Noma shi ne uwa, ƙaramar sana'a kuwa ita ce ta cefane da sutura da sabulu. Ba wanda ya taɓa ɗaukar kuɗin cefane a matsayin abincin shekara.

Abin da hare-hare suka yi wa mutanen nan shi ne, sun kashe uwar suka bar 'yar. Manomi da yawa sun bar gonakinsu na nesa, an kore shanun huɗa, an sayar da 'yan dabbobin da suka rage domin biyan kuɗin fansa. A watan Fabrairu na 2020 an kai hari ƙauyukan Tsauwa da Dankar cikin Ƙaramar Hukumar Batsari, aka kashe mutane kusan 30, aka ƙone gidaje da rumbuna. Jama'a suka yi ta kwarara zuwa garin Batsari da Dutsin-Ma da birnin Katsina. Mutumin da a dā yake da damin gero a rumbu, kuma yana yin ƙodago don ƙari, sai ya wayi gari ƙodagon ne kaɗai abin dogaronsa.

Ita kanta ƙaramar sana'ar ba ta da tabbas. A 2021, domin a matsa wa 'yan bindiga, gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Safana da Batsari, a watan Satumba kuma aka katse layukan wayar salula a yankin na tsawon watanni. Dillalin awaki, da mai sayar da katin waya, da mai cajin waya a rumfa, duk suka rasa abin yi dare ɗaya. Sana'ar da doka ɗaya ko hari ɗaya zai iya share ta cikin yini guda, da wuya a ce mai ita ya fita daga sahun masu bukata.

YADDA WAƊANSU ƘASASHE SUKA WARWARE

Wannan tambaya ba mu kaɗai ta dama ba. Ƙasashen da suka daɗe da tsarin biyan marasa aiki sun yi fama da ita, kuma akwai abin koyo cikin yadda suka yi. A Jamus, mai karɓar kuɗin rashin aiki yana da izinin yin wani ɗan aiki matuƙar bai kai awa 15 a mako ba. Yuro 165 na farko da ya samu a wata nasa ne, abin da ya haura haka sai a rage daga tallafinsa. A Ingila, tun ƙarshen 2021, duk fam ɗaya da mai karɓar tallafi ya samu da guminsa ana rage kwabo 55 daga tallafin, ya tsira da kwabo 45, har ya zuwa ranar da samunsa zai kai inda tallafin zai ƙare da kansa. A Afirka ta Kudu, inda aka fara ba marasa aiki rand 350 a wata a 2020, an sa iyakar abin da mutum zai iya samu a wata, wanda bai kai iyakar ba yana da haƙƙin nema.

Abu biyu suke cikin waɗannan tsare-tsare duka. Na fari, ba su ɗauki ƙaramin aiki a matsayin laifi ba. Sun shirya dokar yadda wanda ya motsa zai fi wanda ya zauna samu. Na biyu, sun ɗora wa mai karɓa nauyin faɗar abin da yake samu, wanda ya ɓoye kuwa ana sa shi ya mayar da kuɗin, wani lokaci har da tara. Wato sun raba tsakanin yin aiki da ɓoye aiki. A nan ne amsar tambayarmu take.

ABIN DA IKILISIYA TA KOYAR

A 1981 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta wasiƙa a kan aikin ɗan'adam, mai suna Laborem Exercens, domin cikar shekara 90 da wasiƙar Paparoma Leo na Goma Sha Uku a kan haƙƙin ma'aikata. A cikinta ya koyar da cewa tanadin abin rayuwa ga marasa aiki da iyalansu wajibi ne a kan al'umma, domin Allah ya yi arzikin duniya saboda dukan mutane, kowa kuma yana da haƙƙin rayuwa. Ke nan wanda ya karɓi tallafi yana cikin bukata bai yi bara ba, bai kuma ci kunya ba. A wasiƙar nan kuma ya nuna cewa aiki yana cikin darajar mutum, ta wurinsa mutum yake ciyar da iyalinsa ya kuma yi wa al'ummarsa hidima. Duk tsarin taimakon da zai sa mutum ya ajiye sana'arsa domin a ba shi, ya cuci mutumin.

Ku tuna da al'adar kala, wadda muka sani a gonakinmu, wadda kuma Dokar Musa ta umarta. Mai gona ba ya tsince gonarsa ƙaf. Yakan bar abin da ya zuba domin gwauruwa da maraya da baƙo. Amma mai kala shi yake sunkuyawa ya tsinta da hannunsa, kamar yadda Rut ta yi a gonar Bo'aza. Taimako da aiki suna tafiya tare tun fil'azal, ɗaya ba ya kore ɗaya.

Maƙwabtanmu Musulmi ma sun yi wannan nazari. Sunan garin Zakka kansa yakan tuna wa mai ji da zakkar da suke fitarwa daga dukiya da amfanin gona. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita aka fi bi a ƙasar nan, sun bayyana fakiri da cewa shi ne wanda abin hannunsa ba zai ishe shi cin shekara ba. Ba su ce sai wanda ba ya taɓa kome ba. Ma'aunin shi ne isa ko rashin isa, kuma hankali ya yarda da haka.

Sai dai Littafi Mai Tsarki ya yi mana kashedi mai tsanani a ɗaya gefen. Cikin Ayyukan Manzanni, sura ta 5, Hananiya da matarsa Safiratu sun sayar da fili suka kawo wani kashi na kuɗin, suka nuna kamar shi ke nan duka. Bitrus ya nuna musu cewa filin nasu ne, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta musu su kawo. Zunubinsu shi ne ƙaryar da suka yi a kan asusun da matalauta suke ci daga ciki. Su sun yi ƙarya wajen bayarwa, mai cika fom yana iya yin ta wajen karɓa, amma asusun ɗaya ne, waɗanda ake cuta kuma su ne dai matalauta.

HUJJOJI BIYU DA AKE KAWOWA

Wani zai ce: ai kuɗin gwamnati ne, ba na kowa ba ne, manya suna kwasar miliyoyi, don me za a dame ni a kan naira 20,000? Gaskiya ne manya sun kwasa, kuma Allah zai tambaye su. Amma ku lura da wannan. Wani kashi na kuɗin da aka riƙa raba wa gidaje naira 5,000 ya fito ne daga dala miliyan 322 da ƙasar Suwizalan ta mayar wa Nijeriya daga cikin dukiyar da aka sace a zamanin mulkin Janar Sani Abacha. Kuɗin talakawa ne da aka sace sau ɗaya aka dawo da shi. Wanda ya karɓe shi da ƙarya ya sace shi sau na biyu. Ban da haka, gurbin tallafi ƙidayayye ne. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Safana sun haura 180,000, na Batsari sun haura 200,000, amma shirin 2021 mutum 1,000 ya ba kowace. Duk sunan da ya shiga, wani suna ne ya fita. Ma'aikacin da yake karɓar albashi kowane wata ya kuma sa sunansa ko na matarsa cikin jerin marasa aiki, kada ya ce gwamnati ya cuta. Wata gwauruwa ya cuta wadda aka kashe mijinta a gona, wadda bai taɓa ganin fuskarta ba. Doka ta bakwai ta hana sata, ta takwas ta hana shaidar zur, shi kuwa ya karya su biyu da sa hannu ɗaya.

Wani kuma mai tsananin tsoron Allah zai ce: tun da akwai wanda ya fi ni bukata, duk mai ɗan abin yi ya janye ya bar wa wanda ba shi da kome. Wannan magana tana da kyau, kuma wanda ya janye don ƙauna ya yi aikin lada. Amma ba za mu mai da ita doka a kan kowa ba. In muka yi haka, mun hukunta mai ƙoƙari, mun saka wa mai zaman banza. Matar da take tashi da asuba ta niƙa wake za ta ga cewa kaskonta ne ya hana ta samu, sai ta kife shi ranar da masu rajista za su zo. Ta haka muke koya wa mutane ɓoyo da lalaci da kanmu. Magidanci kuma yana da haƙƙin 'ya'yansa a wuyansa. Ba shi da ikon ya yi kyauta da abincin bakinsu domin a ce shi mai kirki ne.

TO, ME SAURAYIN ZAI RUBUTA?

Amsar da muke bayarwa ita ce: ƙaramar sana'ar da ba ta ciyar da gida ba ta hana mutum cancanta a gaban Allah, amma ɓoye ta yana ɓata abin da aka karɓa. Saboda haka ya faɗi gaskiya duka. In tambayar fom tana nufin aikin albashi, to, "a'a" gaskiya ce, gama ba shi da shi. Amma kada ya fake da wannan. Ya buɗe baki ya gaya wa jami'in: ba ni da aikin albashi, ina yin acaba kwana uku a mako da babur ɗin wani, ga abin da nake samu, ga yawan waɗanda nake ciyarwa. In aka ce ya cancanta, ya karɓa da zuciya ɗaya, ya gode wa Allah, kada ya bari kowa ya sa shi jin kunya. Ciki da gaskiya, wuƙa ba ta huda shi.

In kuwa aka ce ƙa'idar shirin ta hana duk mai samun ko kwabo, to, sai ya haƙura. Mun san wannan magana tana da nauyi. Mun san zai ga waɗanda suka fi shi samu sun yi ƙarya sun shiga, shi kuma ya koma gida hannu wofi, mahaifiyarsa tana jiran labari. Ba za mu yi masa alkawarin cewa gobe wani tallafin zai zo ya maye masa ba. Abin da za mu ce shi ne, amanar da ke cikin jerin sunaye ita ce garkuwar talaka, gama mai kuɗi yana da wanda zai kira a waya, talaka kuwa ba shi da kowa sai gaskiyar takardar. Duk ƙaryar da ta shiga cikinta tana raunana ta. A watan Oktoba na 2023 an dakatar da N-Power domin bincike, a watan Janairu na 2024 kuma Shugaban Ƙasa ya dakatar da shirye-shiryen tallafin na wani lokaci saboda zargin karkatar da kuɗi. Masu gaskiyar da suke jiran alawus ɗinsu su ne suka fara kwana da yunwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sau da yawa ba mai haƙa shi kaɗai yake faɗawa ba.

Kuma in ɗan'uwa ya rasa tallafi saboda ya faɗi gaskiya, nauyinsa ya dawo wuyanmu. Ikilisiyar da ta koya wa ɗanta gaskiya sa'an nan ta bar shi da yunwar da gaskiyar ta jawo masa, ba ta cika aikinta ba. Zumuntar mata, da ƙungiyar matasa, da kwamitin taimakon matalauta na kowace majami'a, su san irin waɗannan mutane, su fara da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga waɗanda suka riga suka shiga wani shiri, akwai abu uku da lamiri yake nema. Na ɗaya, in tallafin yana tare da aiki, kamar koyarwa ko gyaran hanya, a yi aikin. Kada ƙaramar sana'a ta cinye lokacin da aka biya ka dominsa. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Malamin da yake karɓar alawus yana kan babur a tasha, yara kuwa suna zaune a aji ba mai koya musu, ya saci abin da ba zai iya mayarwa ba. Na biyu, in Allah ya buɗa maka, ka sami aikin albashi ko sana'arka ta kai ta riƙe gida, ka je ka faɗa, ka bar gurbin ga wani. Na uku, wanda ya san ya karɓa da ƙarya, furta zunubi kaɗai bai isa ba. Ikilisiya tana koyar da cewa abin da aka ci ba bisa haƙƙi ba sai an mayar. In mayarwa ga hukuma ba ta yiwuwa, a kai shi ga matalautan da aka yi kuɗin dominsu, kaɗan-kaɗan gwargwadon iko.

GA MASU RUBUTA SUNAYE

Ba za mu rufe ba sai mun yi magana da waɗanda alƙalami yake hannunsu: masu unguwa, dagatai, kansiloli, jami'an rajista, har da shugabannin majami'u da akan ce su kawo sunaye. Ikilisiya ta fari ma ta gamu da wannan gwaji. Ayyukan Manzanni, sura ta 6, ta ba da labarin gunagunin da ya tashi a Urushalima domin ana tsallake gwaurayen wani ɓangare wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi shiru ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai da aka shaida da kirki, cikinsu har da Istifanus, aka danƙa musu rabon. Haka ya kamata mu yi. A rubuta sunaye a fili, a karanta su a gaban jama'a, kada a tambayi mutum addininsa ko jam'iyyarsa, kada a nemi kaso daga abin da aka ba shi. Kuma maimakon a tambaye shi ko yana da aiki, a tambaye shi nawa yake samu, mutum nawa yake ciyarwa, gonarsa tana nomuwa ko ba ta nomuwa. Tambayar da ba ta da amsa sai i ko a'a ita take tura mutanen kirki ga ƙarya. Muna roƙon hukumomin da suke tsara waɗannan shirye-shirye su gyara wannan, su sa iyakar samu wadda kowa ya sani, yadda mai ƙoƙari ba zai yi nadamar ƙoƙarinsa ba.

Mu kuma sauran jama'a, mu kiyayi sa ido. In ka ga gwauruwa ta karɓi tallafi alhali tana da farantin ƙuli-ƙuli, kada ka kai ƙararta kana cewa ai tana da sana'a. Ka lissafa abin da farantin yake kawowa, ka lissafa bakunan da suke jiransa, sa'an nan ka yi magana.

Ubangiji, wanda ya yi aikin sassaƙa da hannunsa a Nazarat, ya albarkaci ƙananan sana'o'inmu. Ya mayar da mutanen Zakka da Safana da Batsari gonakinsu cikin kwanciyar rai, ya ba masu mulki zuciyar adalci, mu kuma ya ba mu ƙarfin faɗar gaskiya ko a ranar da za ta rage mana abinci. Amin.